Yadda Ake Zaɓe da Saita Shokafzoban Baya Don Motar Tsere

Kusan duk matashin da ya same ni a gareji da maganar tsere, tambayarsa ɗaya ce: "Oga, wane shok zan ɗaura a baya, kuma ƙas nawa zan murɗa?" Ƙas shi ne ɗan ƙarar da maɓallin saitin shok ke yi a kowane mataki na tauri ko laushi. Wasu ma sai sun gama saye suke zuwa, kuɗi sun riga sun fita, kaya sabo fil daga kwali, amma mota ta fi da taurin kai. Na amsa a waya, na amsa a wajen ɗaurin aure, na amsa a bakin masallaci, har na ga gara in jera aikin daki-daki yadda nake yin sa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu taɓa sifana. Shok ba shi ke ɗaukar nauyin mota ba, sifirin ne ke ɗauka. Aikin shok shi ne ya hana sifirin rawa, ya kuma tsara saurin da nauyi ke tashi daga wannan ƙafa ya koma waccan lokacin da ka taka birki, ka karya kwana ko ka ba da wuta. Wanda ya murɗe maɓalli har ƙarshen tauri yana jin mota ta yi ƙiƙam, sai ya ɗauka gudu ya samu. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa, kuma a irin filayenmu masu faci da yashi, taurin da ya wuce kima shi ke fara juyar da mutum.

1. Fara da motar, kasuwa ta jira

Ɗaga bayan mota ka kama kowace ƙafa da hannu biyu ka girgiza ta, sama da ƙasa, sannan hagu da dama. Duk wani ƙwas da ka ji, ko boris ne, ko bushin, ko linkejin sitabilaiza, a canza shi tukuna. Sabon shok a kan mataccen bushin kamar sabuwar riga ce a kan ƙazamin jiki: duk murɗin da ka yi, robar da ta sake za ta shanye shi, kai kuma ka yi ta zargin shok.

Duba mazaunin shok na sama, inda yake kama jikin mota. Masu BMW E36 da E46 su buɗe ido sosai a nan, domin mazaunin baya na waɗannan motoci an san shi da rauni, kuma shok mai tauri yana iya yaga ƙarfen wurin. Akwai faranti na ƙarfafawa da ake sayarwa don wannan, kuɗinsa kaɗan ne, a sa shi tun farko. Mai E46 ya ƙara da leƙa ƙasan but, wajen da gadon ƙafafun baya ke ɗaure, ko akwai tsaga.

Sai tayoyi. Biyun baya su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa ɗaya. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar Beljiyam da ta sha shekaru takan bushe ko da zanenta na nan, kuma babu saitin da zai sa busasshiyar roba ta kama kwalta.

Gargaɗi: idan shok ɗin gaba ya mutu, kada ka ɗaura na baya mai ƙarfi ka ce za ka gyara gaban daga baya. Motar za ta riƙa duƙawa da hanci tana wurgi da gindi.

2. San bayan motarka da filin da za ka shiga

Ba duk mota ce bayanta iri ɗaya ba. A Golf 3 da Honda Civic ta shekarun 1990, sifirin yana zagaye da shok ne, abu guda. A BMW E36 da E46 da Marsandi 190, sifirin yana gefe, shok yana gefe. A Fijo 306 da 206 ma babu naɗaɗɗen sifirin a baya sam, sandunan ƙarfe ne masu murɗuwa ke ɗaukar nauyi, shok ɗin kuma a kishingiɗe yake. Wannan ne zai gaya maka ko shok kaɗai za ka nema, ko koiloba, wato shok da sifirin da zoben ɗaga tsayi a haɗe.

Sannan ka san ko motarka mai jan gaba ce ko mai jan baya. Mai jan gaba, matsalarta ita ce ƙin shiga kwana, don haka ɗan tauri a baya yana taimaka mata ta juyo. Mai jan baya kuwa da ƙafafun baya take tura ƙasa, tana bukatar su zauna daram lokacin da ka taka totur.

Fili ma yana da magana. Shimfiɗaɗɗiyar kwalta tana ɗaukar tauri. Burji da ƙasa mai gargada suna son laushi da doguwar tafiyar sandar shok. Yawancinmu a Kano mota ɗaya ce, da ita ake zuwa aiki ranar Litinin, da ita ake wasa ranar Asabar. Idan haka kake, ka sayi abin da zai iya komawa laushi ya haye tudun rage gudu ba tare da ya karya maka baya ba.

3. Zaɓen nau'i

A nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza, don haka zan ɗan tsaya.

Shok yana aiki ta fuska biyu. Akwai matsewa, lokacin da ƙafa ta hau tudu ko nauyi ya danno ta. Akwai miƙewa, lokacin da sifirin ke turo ƙafar ta koma ƙasa. A takardar kamfani za ka ga an rubuta bump ko compression ga ta farko, rebound ga ta biyu. Bambancin shok masu saiti duk yana kan wacce daga cikin biyun maɓalli ke taɓawa.

Mai maɓalli ɗaya iri biyu ne. Koni Sport, mai launin ruwan ɗorawa, miƙewa kaɗai yake canzawa, haka KW V2. BC Racing BR mai ƙas 30, da Tein Flex Z mai ƙas 16, da Bilstein B16 mai ƙas 10, maɓallinsu ɗaya yana jan matsewa da miƙewa tare. Mai maɓalli biyu, irin KW V3, ya raba su: ƙas 16 na miƙewa, 12 na matsewa. Akwai masu uku da huɗu, amma waɗannan na ƙungiyoyin da ke da injiniya da na'urar gwaji ne.

Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: wanda bai cika shekara yana tsere ba ya sayi mai maɓalli ɗaya na kamfanin kirki. Maɓalli biyu a kowace ƙafa hanyoyin ɓata ne da yawa ga wanda bai iya jin bambancin ƙas biyu a ƙugunsa ba tukuna. Kuma gara Bilstein B6 ko B8 marar maɓalli, na gaske, da koiloba marar suna mai ƙas 36 wanda ƙas ɗinsa ado ne.

Ta ciki ma iri biyu ne. Mai bututu ɗaya yana da iskar naitirojin mai ƙarfi da aka raba ta da mai, yana saurin fitar da zafi, ba ya saurin yin kumfa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Aibinsa, idan dutse ya lotsa jikinsa, fistin ya maƙale, ya tashi aiki. Mai bututu biyu yana jure lotsawar waje, ya fi daɗin hawa a gari, amma idan aka daɗe ana dukansa mai yana kumfa ya yi sanyin jiki. Mai zagaye da yawa a kwalta ya ɗauki na farko. Mai gajeren wasa da zirga-zirgar yau da kullum, na biyu ya ishe shi.

Tambayar da kowa ke mantawa: ina maɓallin yake bayan an ɗaura? Wasu Koni na baya ba su da maɓalli a waje, sai an kwance shok, an danne shi har ƙasa, sannan a murɗa. Wasu kuma maɓallin yana ɓuya a bayan kujera ko ƙarƙashin kafet ɗin but. Saitin da sai ka yi awa guda kafin ka kai gare shi, ba za ka riƙa taɓa shi ba. Ka tambaya kafin ka biya, kuma idan akwai wayar ƙarin tsawo ta maɓalli, ka haɗa da ita.

4. Kuɗi da saye

Farashin waɗannan kaya da dala yake tafiya, don haka da dala zan faɗa, kai ka buga da canjin ranar. Koni Sport guda ɗaya yana kaiwa wajen dala 150 zuwa 250 gwargwadon mota. Saitin BC Racing BR na ƙafa huɗu yana farawa daga wajen dala 1,000. KW V3 yana haura dala 2,000. A kan wannan ka ɗora kuɗin jigila da na kwastan, sannan sabon mazauni, robar tsayawa (wadda ke tare shok idan ya matse har ƙarshe), rigar ƙura, kuɗin makanike da na saitin ƙafa. Ni nakan ce wa mutum ya ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shok don waɗannan ƙananan, domin su ne ke sa aiki ya tsaya a rabi.

A Kofar Ruwa da Sabon Gari za ka samu shok na yau da kullum jibge, sabo da na Beljiyam. Mai saiti kuwa sai an dace, yawanci a jikin rabin motar da aka yanko daga Turai ko Japan, ko kuma ka yi oda. Idan oda ce, lambar kaya za ka bayar, wadda ka duba a shafin kamfanin da kanka da shekarar motarka da lambar jikinta. "Na BMW" ba suna ba ne.

Na hannu kuwa, ga gwajin da ba na tsallakewa. Tsayar da shi a miƙe. Duba sandar a haske, kada a ga tsatsa, ƙarzuwa ko lanƙwasa. Duba wuyansa, ɗan danshi kamar gumi ba komai, amma mai da ya gangaro ya kama ƙura alama ce sil ya tafi. Murɗa maɓalli zuwa laushi, danna ka ja. Mayar da shi tauri, sake dannawa ka ja. Dole hannunka ya ji bambanci a fili. Sannan ka danne biyun tare ka sake su, su taso kusan lokaci ɗaya. Idan akwai wani wuri a tafiyar da sanda ke wucewa fayau babu turjiya, ajiye shi.

Na taɓa sayen wasu biyu a wani shago, gab da magariba, ina sauri. Mai kayan ya ce, "Alhaji, wannan ko a Jamus sai an tona." Ƙas yana ƙara, fenti yana sheƙi. Sai da muka ɗaura muka gane na hagu allurarsa ta ciki a karye take, maɓalli yana juyawa ne kawai. Motar tana shiga kwanar dama lafiya, a ta hagu tana neman kashe ni. Tun daga ranar ba na sayen na hannu sai da rana tsaka, kuma sai da sharaɗin mayarwa a gaban shaida.

Gargaɗi: biyu ake saye, biyu ake canzawa. Kada ka haɗa sabo da tsoho, ko kamfani biyu a ƙafafun baya.

5. Kayan aiki

Jak mai kyau da ƙarafan tsayar da mota guda biyu. Saitin sifana da soket. Sifana mai awon ɗauri. Abin matse sifirin, idan naka a haɗe yake da shok. Sifanar zobe da ke zuwa cikin kwalin koiloba. Tef ɗin awo, gejin iska naka na kanka, igiyar roba mai haƙora irin ta masu wayarin, man sassauta tsatsa, agogon awon lokaci na waya. Sai littafi da biro, waɗanda a wurina sun fi rabin kayan nan muhimmanci.

Gargaɗi: bulo da dutse ba matsayin mota ba ne. Na san haka ake yi a garejoji da yawa, amma bulo yana fashewa ba sallama, mutum kuma yana ƙarƙashi.

6. Awo, kwancewa da ɗaurawa

Kafin ka kwance komai, tsayar da mota a daɓe mai daidai, ka auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin mudgad a duk kusurwa huɗu, ka rubuta. Daga tsakiyar ƙafa, ba daga ƙasa ba, don kada iskar taya ta ruɗe ka.

Ɗaga mota, cire ƙafa, sa jak a ƙarƙashin hannun ƙafar ya ɗan tallafe shi, sannan ka kwance kusar ƙasa. Idan ba ka tallafa ba, hannun zai faɗo ya ja tiyon birki, a wasu motocin ma sifirin ya yi tsalle. Jera tsoho da sabo a ƙasa ka gwada tsawonsu a miƙe da a matse, da faɗin ramin kusa. Mai bututu biyu, ka tsayar da shi ka danna ka ja sau huɗu ko biyar kafin ɗaurawa, don iskar da ta shiga mai lokacin da yake kwance a kwali ta koma wurinta.

Abubuwa uku da na hana yarana a gareji, kuma ina maimaita musu kullum. Ba a kama sandar shok da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka sil. Ba a ɗaure notin sama da bindigar iska, domin tana juya sandar ta kwance fistin a ciki, ko ta karya allurar saiti da ke bi ta tsakiyar sandar. Ba a kai wutar walda ko abin huji kusa da shok mai iska.

Ga kuskuren da ya fi yawa: ɗaure kusar ƙasa tamau alhali ƙafa tana reto. Idan ramin ƙasa mai bushin roba ne, ka sa kusar sako-sako, ka sauke mota ko ka ɗaga hannun ƙafa da jak har nauyi ya hau kansa, sannan ka ɗaure da awon da littafin motar ya faɗa. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan makonni.

7. Tsayi da tafiyar sanda

Mai koiloba, tsayi za ka fara daidaitawa kafin maɓalli. Ɗora nauyin direba a kujerarsa. Idan ba wanda zai zauna, buhun siminti kilo 50 ne, ka ƙara da abin da zai cike nauyinka. Mai a tanki ya zama adadin da za ka yi tsere da shi, domin lita 40 ta fetur kusan kilo 30 ce, kuma a baya take zaune.

Kada sha'awar hoto ta sa ka kwantar da mota ƙasa. Duk abin da ka sauke ta zoben sifirin, daga tafiyar sanda ka cire shi. Ni ina neman idan mota ta zauna da nauyinta, kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar ya rage don matsewa, ɗaya don miƙewa. Sannan idan ka ɗaga mota ƙafa ta yi reto, sifirin kada ya yi sako-sako a mazauninsa.

Ɗaura igiyar robar nan a jikin sanda, ka tura ta ƙasa ta taɓa wuyan shok. Bayan zagaye, inda ta tsaya shi ne iyakar matsewar da aka yi. Idan kullum tana manne da robar tsayawa, motar a kan roba take tafiya, kuma maganin wannan ƙarin tsayi ne ko sifirin mai ƙarfi. Ƙara ƙas ba zai warkar da shi ba.

Da zarar tsayi ya canza, a kai mota saitin ƙafa. Sauke mota yana karkatar da ƙafafun baya, kuma ƙafar baya da ta buɗe baki waje tana sa gindi ya ƙwace ko da shok na zinare ne.

8. Nemo tushe

Murɗa maɓalli a hankali da yatsu biyu har ya tsaya. Da ya tsaya ka tsaya, kada ka ƙara ƙarfi, allura ce siririya ke zama a rami. Yawancin kamfanoni, irin su KW da BC da Tein, daga ƙarshen tauri suke ƙirga ƙas zuwa baya, domin nan ne wurin da ya tabbata iri ɗaya a kowane shok. Koni ba ya yin ƙas, da zagaye ake ƙirga shi daga laushi, kwata-kwata ko rabi-rabi, kuma maɓallinsa na sama saɓanin hannun agogo yake ƙara tauri, akasin na BC. Dubi alamar + da −, ko H (tauri) da S (laushi), kada ka yi zato.

Ƙirga ƙas na hagu da na dama gaba ɗaya, ka tabbata adadinsu ɗaya. Sa su duka a inda takardar kamfani ta ce a fara. Idan babu takarda, fara daga tsakiya ka ɗan karkata wajen laushi. Rubuta: rana, fili, zafin gari, iskar taya, mai a tanki, ƙas na gaba, ƙas na baya.

9. Gwaji

Wurin gwaji rufaffen fili ne da ka samu izinin mai shi, babu mai wucewa, babu 'yan kallo a bakin kwana. Titin Zariya, titin BUK da bayan gari na bypass ba filin tsere ba ne, ko da ƙarfe biyun dare. Akwai mai adaidaita sahu da ke neman abincin iyalinsa, akwai almajiri da ke tsallakawa. Mun ga abin da wasan mota a titi da wajen biki ya jawo wa gidaje a garin nan, kuma wanda ya kashe rai babu saitin da zai dawo da shi. Hular kwano, bel, abin kashe gobara, da mutum ɗaya a waje riƙe da agogo.

Jera robobin ruwa ka fitar da hanya mai kwanar dama, kwanar hagu, wurin birki mai ƙarfi, da wani yanki mai ɗan gargada. Yi zagaye uku don shok da taya su ɗumama, auna iska da zafinta, daidaita, sannan ka fara ƙirga. Zagaye uku ko huɗu a kowane saiti, gudu iri ɗaya, layi iri ɗaya.

Doka ɗaya ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, hagu da dama tare. Ƙas biyu ko uku a mai 30, ƙas ɗaya ko biyu a mai 10 ko 16, kwatan zagaye a Koni. Wanda ya taɓa maɓalli, ya rage iska, ya sauke tsayi duk a tashi ɗaya, ko mota ta gyaru bai san wa zai gode wa ba.

Sabon shiga, ina ba shi shawara ya yi zagaye biyu a can laushi, biyu a kusa da ƙarshen tauri, da gudu mai sauƙi, don jikinsa ya san iyakokin biyu. Bayan nan ƙas biyu ma zai riƙa jin su.

Mai maɓalli biyu ya bi tsarin da Koni ke koyarwa: matsewa tukuna. Sa duka a laushi, ka riƙa ƙara matsewa kana bi ta kan gargada, kada ka damu da kwanciyar mota a kwana a wannan matakin. Lokacin da baya ya fara dukan ƙugu yana tsalle gefe, ka wuce gona da iri, koma baya ƙas biyu. Sannan ka koma kan miƙewa, kana ƙarawa har mota ta riƙa shiga kwana ta kwanta sau ɗaya a natse, babu lilo.

10. Abin da mota ke faɗa maka

Raba kowace kwana gida uku: shiga, tsakiya, fita. Idan direba ya ce min "Oga, baya na zamewa," tambayata ta farko ita ce, "A ina? Ƙafarka tana kan birki, ko kan totur, ko ba ta kan komai?" Amsar ita ce rabin gyara.

Baya yana ƙwacewa wajen shiga, kana birki ko ka ɗaga ƙafa daga totur: miƙewar baya ta yi yawa. Nauyi ya tafi gaba, gindi ya ɗaga, shok ya riƙe ƙafar bai bar ta ta bi ƙasa ba. Rage ƙas biyu.

Mota ta ƙi shiga, ka karya sitiyari tana tafiya da kai miƙe: ƙara miƙewar baya kaɗan. Masu Golf da Civic, wannan ne makaminku, amma da taka-tsantsan, domin mai jan gaba da aka taurara wa baya tana juyawa farat ɗaya idan ka saki totur a tsakiyar kwana, musamman in yayyafi ya sauka.

Mai jan baya tana wulwula taya wajen fita, gindi yana fita tun ba ka gama ba da wuta ba: rage matsewar baya, ka bar ta ta ɗan tsuguna ta kama ƙasa. Idan kuwa tana tsugunawa da yawa har hanci ya ɗaga ya tura waje, ƙara kaɗan.

Bayan tudu mota tana lilo sau biyu ko uku: miƙewa ta yi kaɗan. Akasin haka ya fi ruɗarwa. Idan miƙewa ta yi yawa kuma gargada tana jere, sifirin ba ya samun damar dawowa kafin duka na gaba, sai mota ta riƙa nutsewa kaɗan-kaɗan har ta zauna a kan robar tsayawa. Direba yana jin duka, ya ɗauka laushi ne ya yi yawa, ya ƙara tauri, abu ya ƙara lalacewa. Idan farkon gargada da sauƙi, ƙarshenta ne ke dukanka, rage miƙewa.

A tsakiyar doguwar kwana kuwa, inda mota ta riga ta kwanta ta zauna, sandar shok kusan ba ta motsi, don haka ba ta da ta cewa. Zamewar da ke faruwa a nan ta sifirin ce, ko sitabilaiza, ko iskar taya, ko saitin ƙafa. Cire hannunka daga maɓalli.

Masu wasan zamiya da gangan su ma su ji wannan. Taurin baya yana sa gindi ya fita da wuri, gaskiya ne, amma riƙe shi a hanya ɗaya yana bukatar tayar baya ta ci gaba da tura ƙasa. Baya mai matsakaicin laushi ya fi biyayya, kuma ba ya dawowa da fizga.

Idan ji da agogo suka saɓa, agogo za ka bi. Sau da yawa saitin da direba ya ce "wannan ne ya yi" ya fi jinkiri a kan wanda ya raina. Idan kuma ka ga gyara ya kai ka ƙarshen maɓalli, ko can tauri ko can laushi, to sifirin ɗinka bai dace da shok ɗin ba, a can za a nemi magani.

11. Bayan an tashi

Kana tsayawa, kai bayan hannu kusa da jikin shok biyun, a hankali don suna ƙuna. Idan ɗaya ya ɗau zafi ɗaya yana sanyi, mai sanyin ba ya aiki. Mai yana tsinkewa da zafi, shi ya sa saitin sanyin safiyar Janairu zai iya bukatar ƙarin ƙas ɗaya da azahar ɗin Afrilu. Da damina ko a fili mai yashi, rage ƙas biyu zuwa uku daga saitin busasshiyar kwalta.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar sil da zaren koiloba. Kada ka cire rigar ƙura don a ga sanda tana ƙyalli. Bayan kowane wasa a wanke zaren da ruwa da buroshi, a busar, a fesa mai marar danƙo, domin giris yana tara yashi ya zama kamar takardar goge katako. Kafin ka juya zoben tsayi, ɗaga mota nauyi ya sauka daga kansa, kuma ka share zaren tukuna. Sau ɗaya a wata ka murɗa maɓalli daga farko zuwa ƙarshe don kada ya ƙage, sannan ka mayar da shi lambarsa. Bayan fitar farko, sake bin duk kusoshi da sifanar awo.

Kafin ka kama hanyar gida, mayar da baya saitin gari, ka rubuta lambobin biyu, na fili da na gari, a ɗan tef ka manna a cikin murfin but, kusa da inda hannunka ke kaiwa ga maɓalli.